Mantau da Ƙofar Cikin Inna

Yayana Mantau ya rasu a daminar bara, shi ya sa nake rubuta wannan tun kafin masu ba da labarinsa su ƙara masa gishiri. Mu huɗu ne a gida: Inna, da babban wanmu Barau mahauci, da Mantau, da ni Hansai. Mantau mutum ne da in ka ce masa ya yi abu, haka zai yi shi, ba ƙari ba ragi. A shekarar da nake magana Inna ta kwanta ciwo. Duk abin da ta ci sai ya dawo, ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa, mutane suka fara zuwa gaisuwa da ƙaramar murya.

Wata rana Barau ya yanka akuya, ya miƙa wa Mantau kayan ciki, ya ce, "Je ka rafi ka wanke. Ka bi hanjin nan daga farko har ƙarshe, ka duba da kyau." Mantau ya zauna a bakin ruwa ya tsaga tumbi, ya ga ciyawa da dusa. Ya matsa gaba, ya ga sun narke sun zama kamar kunu. Can sai ga wata 'yar ƙofa da ba ta fi kan yatsa ba, daga ita sai hanji. Ya shiga bin hanjin a hankali yana dubawa. Kasuwa ta ci ta watse bai dawo ba. Da la'asar Barau ya same shi, ungulaye sun kewaye shi suna jira.

"Kai, tun hantsi me kake yi?"

"Ban kai ƙarshe ba, Yaya. Dubi nan. Duk ciyawar da ta ci ta wannan 'yar ƙofa take wucewa. Wa yake buɗe mata?"

Barau ya ɗaga hannu zai make shi, sai idonsa ya kai wurin. Shekara ashirin yana fawa, bai taɓa tsayawa ya duba ba. Ya sauke hannun, ya ce, "Allah ne. Tashi mu tafi."

Wata rana ni da Mantau muka kai Inna asibiti a cikin gari. Ma'aikaciyar jinya ta ce hanyar da abinci yake bi daga ciki zuwa hanji ce ta ƙuntace. "Duk abin da za a ci, a daka shi ya yi laushi." Washegari Barau ya dawo daga masallaci ya tarar da tsiren da zai kai kasuwa a cikin turmi, Mantau ya dake shi lilis, har da goronsa na aljihu.

"Na Inna aka ce, sakarai."

"Ba ta ce na Inna ba," in ji Mantau. "Kai ba ka da ƙofar ne?"

Ranar da cokali maƙwabta suka ci tsire.

Inna dai ba ta daina amai ba, kuma da laifina a ciki, don tsoro ya sa nake ɗura mata kunu kofi guda a lokaci ɗaya. Da muka koma asibiti, matar ta ce, "Cokali ɗaya za a ba ta, a jira ya wuce, sannan a ƙara." Ni na ɗauka magana ce kawai.

Wata rana cirar gyaɗa ta tilasta mini zuwa gona, na bar Mantau da kwanon kunu. Na dawo da azahar na tarar da kwanon kusan a cike, shi kuma ya durƙusa ya kafa kunne a cikin Inna, cokali a hannu.

"Tun safe nawa ka ba ta?"

"Tara. Yi shiru, na taran yana bakin ƙofa."

"Da yunwa za ka kashe ta?"

Inna ta buɗe ido ta ce, "Ƙyale shi, Hansai. Yau ko ɗaya bai dawo ba."

Mantau ya jawo hannuna, na durƙusa na kara kunne inda nasa yake. Da farko ban ji komai ba sai numfashinta. Can ƙasa sai na ji wani ƙululu, siriri, kamar ruwa ya sami hanya a kwarin kunyar gona. Wani aiki ake yi a cikin tsohuwar nan, ba da hannun kowa ba, ba da saninta ba ma.

Kwana arba'in ya yi a haka, daga tara zuwa ashirin, daga ashirin zuwa kwano guda. Inna ta tashi, ta ƙara shekara bakwai a duniya. Amma ranar farkon nan ce ba ta fita daga raina. Ta ɗora hannu a kansa tana shafawa, ta ce, "To, Mantau, ya wuce?"

Ya ƙara saurarawa, sannan ya ɗago.

"Ya wuce, Inna. Buɗe baki."