Zakin Malam Tajuddeen

A duk unguwar Bukit Jalil, can ƙasar waje inda muke karatu, babu ɗalibin da ya kai Malam Tajuddeen iya zaɓen abin bincike. Digirinsa na uku a kan wani fim ɗin Amurka ne na zamanin da hoto ba ya magana, labarin masu neman taska a daji. Fim ɗin ya ɓace shekara ɗari da suka wuce, abin da ya rage fosta ɗaya ce mai hoton zaki. Babu mai rai da ya taɓa kallonsa, saboda haka babu mai musa wa Malam. Mu 'yan'uwansa ɗalibai muka naɗa shi Sarkin Zaki, ya karɓa hannu biyu.

Kowace Juma'a yana mamak, wato shagon shayi da abinci, a unguwar Sri Petaling, kofin shayi a gabansa, yana karantarwa.

"Yadda jarumin nan ya shaƙe zaki, wallahi ba a sake yin irinta ba!"

Shafi casa'in ya rubuta kan wannan kokawa. Har muryar jarumin ya yaba.

Saura mako uku ya kare kundinsa gaban malamai, sai aka tsinci guntun fim ɗin a wani ɗakin ajiya a Turai, aka ɗora a intanet. Badamasi, shugaban ɗalibai, ya ce, "Malam, ranarka ce. Kai za ka yi mana fassara, irin ta finafinan Indiya. Ka fara dubawa mana."

"Me zan duba kuma? Na fi wanda ya yi shi saninsa."

Ranar Asabar mutum arba'in suka cika falon Badamasi a unguwar Cheras, aka miƙa wa Malam makirufo. Minti shida ne fim ɗin. Biyar daga ciki jarumi na jan jaki ya ƙetare rafi, jaki ya ƙi. Sai ga zaki: wani ƙato cikin rigar gashi, takalmansa a waje. Jarumi ya ɗare bishiya. Jaki ya harbi zakin, zakin ya faɗa ruwa.

Malam ya gyara murya. "Wato, jakin nan alama ce ta zuciyar jarumi."

Ruƙayya, matar Badamasi, ta ce, "Malam, to shafi casa'in ɗin na jakin ne?"

Da Juma'a ta zagayo Malam ya nemi a sa shi a addu'a. Badamasi ya ɗaga hannu, ya roƙi Allah ya bayyana sauran fim ɗin kafin ranar kariya. Kowa ya ce amin. Ina kusa da Malam, bakinsa bai motsa ba.