Yadda Na Kashe Irin Gyaɗar Kawu Labbo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da daminar da na koma Dosara da takardar karatun noma a jaka da girman kai fal ciki. Shekara biyu kacal na yi a makarantar, amma in ka ga tafiyata a gari sai ka rantse ni na ƙirƙiro fartanya.

A lokacin gonakin daji sun gagari kowa, ba sai na faɗi dalili ba. Kawu Labbo, yayan mahaifiyata da ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, gona ɗaya ta rage masa a bayan gari. Ita ce cin gidan, ita ce harawar shanun huɗarsa biyu. Gyaɗar da zai shuka kuwa ba ta kasuwa ba ce. Wata 'yar ja ce mai yawan mai da ya gada wurin mahaifinsa, duk shekara sai ya ware iri ya ɓoye a rumbu.

Ruwan shuka ya sauka, Kawu ya fito da iri, na tare shi a ƙofar gida. Na ce yadda suke cusa gyaɗa a matse kamar fasinjojin motar Mafara ran kasuwa rashin sani ne, shuka tana son iska. (A darasin wani amfanin gona daban na ji wannan maganar, amma wa ya tambaye ni?) Na ce a dakata in samo igiya da ma'auni. Kafin in samo, in zana taswira, in sake zanawa, gyaɗar maƙwabta har ta rufe ƙasa. Sai a lokacin muka shuka tamu, da tazara. Akwai kuma gyauron bara da ya tsiro da kansa a gefen gona. Kawu zai tumɓuke, na hana, wai riba ce ta faɗo daga sama.

Ya kalle ni ya ce, "To, Malam, kai kay yi boko." Wannan Malam ɗin da ya kira ni shi ya ƙarasa ni. A ranar na aika wa wani malamin gona na Mafara cewa ya kawo manoma su ga noman zamani.

Bayan wata guda ganyen ya fara nannaɗewa yana rawaya, shukar ta tsugune ta ƙi girma. Inna Hajo, matar Kawu, ta juya ganye ɗaya ta nuna mini ƙananan ƙwari a manne, ta ce darɓa ce, kuma wannan kuturtar gyaɗa ce, a cire waɗanda suka kamu a binne tun suna kaɗan. Na yi dariya, wallahi na yi. Na ce yunwar taki ce kawai. Muka zuba taki, ciyawa ta yi ta godiya.

Na manta da gayyatar da na yi, shi kuwa malamin gona bai manta ba. Wata safiya sai ga shi da ayarin manoma, har da na Bakura. Ya tsaya a bakin gonar ya ƙare mata kallo.

Sai ya ce ya gode Allah da ya kawo su, don ba kullum ake samun duk kurakurai a gona ɗaya ba. Ya ce darɓa ce ke ɗauko cutar daga gyauro. Ya ce shukar da ta makara ita ta fi kamuwa, ta tarar da ƙwarin sun yi yawa tana ƙarama. Gyaɗar da aka ba tazara kuwa, ƙasa na leƙowa tsakani, kamar an shimfiɗa musu tabarma ne. In ta kama babu magani, sai dai cirewa da wuri, kuma a nan lokacin ya wuce. Yana lissafowa ina jin kamar sunana yake kira. Sai ya tambaya wa ya ba da wannan shawarar.

Duk ɗan Dosara da ke wurin ya sani. Babu wanda ya kalle ni, kuma hakan ya fi kallon ciwo. Sai Kawu ya gyara hula ya ce, "Ni niy yi abina. Tsuhwa ce ta hwara taɓa ni."

Baƙin suka yi 'yar dariya. Malamin gona ya shiga yi wa dattijon da ya haura shekara hamsin yana noman gyaɗa nasiha kamar ɗan koyo. Daga ƙarshe ya nuna ni ya ce, "Baba, ga ɗanka ya yi karatu, ai da ka tambaye shi."

Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ce, "Haka ne."

Da kaka muka tone gonar, kwanso ne fanko. Ba a sami na miya ba balle na iri. Harawa babu, don haka da rani Kawu ya ja sa ɗaya zuwa kasuwar Maradun ya dawo shi kaɗai. Jar gyaɗar nan ta bar gidanmu ke nan, na yi cigiya har Birnin Tudu ban sami mai irinta ba.

Yanzu aikin malamin gona nake yi, kun ji ikon Allah. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in na ga manomi yana abin da ban gane ba, nakan tambaye shi dalili kafin in buɗe jakata, don sau da yawa ni ne ban gane ba. Kawu dai har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban taɓa tsayawa gaban mutanen nan na ce ni ne ba. Sai yau na iya faɗa, da babu sauran wanda zan wanke.