Dabino Uku a Jakar Anti Binta

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da abin da dabino uku suka ja min ba, a shekarar da soja suka miƙa mulki.

Ƙanwar babana, Anti Binta, likita ce. Ita ke koya wa ɗaliban likitanci yadda ake duba nono a gano ƙari tun yana ƙarami. Nonon robar da suke gwaji da shi ya yage, sai ta sa wani tela a unguwar Mandawari ya ɗinka mata na yadi. Ta cusa auduga, ta ɓoye busasshen dabino uku a ciki don ɗalibi ya lalubo da yatsu. Ni ba wanda ya gaya min (har yau wannan ne ke ƙona min rai). Cewa kawai aka yi in riƙe jaka in raka ta asibiti.

Tana wanka na leƙa jakar, na ga nonon yadin, na taɓa na ji abu mai tauri, na zura yatsa ta bakin ɗinkin. Dabino. Na ce lallai telan nan sakarai ne, na cinye abina.

A ajin, ɗalibai shida suka jeru, kowa da farar riga kamar gaske. Na farko ya lallatsa, ya ɗaure fuska.

"Na ji shi, Ma. Nan wajen hammata."

Ta biyu ta ce ita ma ta ji. Na shida ma cewa ya yi nasa har motsi yake.

Anti ta sa hannu. Ta sake sawa. Sai ta cire gilashinta, a gidanmu kowa ya san fassarar wannan.

"Babu komai a nan. Ƙarya kuka yi min saboda tsoro? Haka za ku sa a yanka matar mutane a banza?"

Ta wanke su tas, ni kuwa ina lungu ina jin daɗi. Sai ta juyo.

"Hauwa, me kike tsotsa?"

Ƙwallon dabinon ne, tun daga gida yana kumatuna. Ta sa na tofa shi a tafin hannuna, a gaban maƙaryata shida. Wai su ne har da dariya.

Su an yafe musu kafin azahar. Ni har yau a gida "Mai cire ƙari" ake kirana, har Baba.

Yanzu duk abin da na gani a jakar likita sai na tambaya. In kuma na riga na ci, ina yar da ƙwallon tun a soro.