Gaisuwar Juma'a ga Kawu Sani

Ni ne mai wayon gidanmu, ko dai haka na ɗauka. Aikina a Minna kula da sabobi ne, kwamfutocin haya da ke can cikin intanet. Da Hajiyarmu ta dame ni da cewa ba na zumunci, sai na rubuta ɗan umarni na ɗora a kan ɗaya daga cikinsu. Duk Juma'a da hantsi sai ta tura wa dangi gaisuwa da sunana, ni kuwa ko waya ban taɓa ba. Har kuri na yi wa yayata Binta cewa na gama da matsalar zumunci.

Sai Kawu Sani ya rasu a Kuta. Ranar Juma'a na shiga yi wa matarsa, Inna Laraba, ta'aziyya. Ina durƙushe ana addu'a, wayar marigayin ta yi ƙara a cinyarta. Inna ta miƙa wa Binta da muka je tare, ita kuma ta karanta kowa yana ji: "Barka da Juma'a, Kawu. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana." Ga sunana a ƙasa.

Inna ta share hawaye ta ce, "Kullum sai ya sa a karanta masa sau biyu. Yakan ce kai kaɗai ne ba ka manta da shi ba."

Na kasa ɗaga kai. Ban ma san ya yi jinya ba.

Har yau in na yi sallama a gida, Binta takan leƙo ta ce, "Kai ne da kanka, ko injin ne?"