Yadda Muka Cinye Bincikenmu Da Miyar Taushe

Akwai abubuwan da na manta da gangan, akwai waɗanda shekaru suka fara kwashe min, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na tara abokan aikina a falona na Ƙofar Kware na cika su da tuwon shinkafa ba. Har yau in na ji ƙamshin miyar taushe sai kunya ta taso min tun daga tafin ƙafa.

Ni malamin tarihi ne a jami'a. Aikina in zauna gaban dattawa da rikoda, su yi ta ba ni labari ina gyaɗa kai. A bara waccan aka haɗa mu mu uku a wani bincike kan wata tsohuwar jar shinkafa da manoman fadamar Kwalkwalawa ke kira 'yar kaka. Shinkafa ce mai taurin rai: in ambaliya ta shanye gonaki sauran iri su ruɓe, ita kuwa sai ta riƙa miƙa wuya tana bin ruwa sama. Dakta Rabi'atu, masaniyar tsirrai, ita za ta shuka ta a gonar gwaji ta gano sirrinta. Injiniya Bello zai auna ruwa da zurfinsa. Ni kuma in jiyo daga bakin manoma yadda aka gaje ta, da abin da ya sa kusan kowa ya bar shuka ta.

Gaskiya ɗaya ce, na raina abokan tafiyata. A zamanmu na farko suka cika allo da zane-zane da lambobi har kaina ya fara sarawa, sai na gyara zaman hula na ce, "Ku kun san ƙasa da ruwa, ni kuwa na san mutane." (Ku riƙe wannan magana, za ta dawo ta same ni.) Suka buɗe mana zaure a waya don musayar saƙonni. Kwana biyu ina ganin sunayen tsirrai masu tsawo kamar igiyar guga, sai na kashe wa zauren murya na huta.

Matsalarmu ɗaya ce. Duk yankin, mutum guda ya rage da tsantsar irin da bai gauraya ba, wani dattijo da ake kira Baba Altine. Shi kuma ya ƙi sakin ko ƙwaya, don an sha zuwa a karɓa a tafi ba ko waiwaye. Dakta Rabi'atu ta yi ta sintiri gidansa tana lallashi. Ga damina ta ƙarato, in ba a shuka a makonnin nan ba, aikin gaba ɗaya sai ya jira wata shekara.

Ranar wata Alhamis na je ni kaɗai na ɗauki hirarsa. Muka sha labari a inuwar zaurensa har la'asar. Da na miƙe zan tafi, sai ya shiga ciki ya fito da wata farar jakar yadi a ɗaure, shanshera ce a ciki, wato shinkafar da ba a cashe ba, za ta kai tiya biyu. A jikin jakar akwai wasu haruffa da lambobi da shuɗin biro. Na gan su sarai. Na ce a raina, tsohuwar jaka ce ya tsinta.

To ni shekara da shekaru ina yawon ƙauyuka, kuma na san al'ada: baƙo ba ya tafiya hannu sake. An ba ni albasa, an ba ni kaza, an taɓa ba ni ɗan akuya da ya yi min fitsari a mota. Na kuma san ladabin karɓa, sai ka ƙi sau biyu, a na uku ka sa hannu.

"Ga ta nan, Malam, ka tahi da ita," in ji Baba.

"Haba Baba, da ka bar ta wallahi. Ɗawainiyar ta yi yawa."

Ya tsaya yana kallona. "In bar ta? Ba ku so kuma?"

"Ba haka ba ne, Baba, ai ku kun fi buƙata."

"Ikon Allah! Wata biyu ana damuna, yau kuma ni nah hi buƙata?"

Wannan maganar ya kamata ta farkar da ni. Ina! Ni ƙirga nake yi, na ga an kai na uku, na sa hannu biyu na karɓa da godiya. Ya ce in kula kada ruwa ya taɓa ta, ya yi addu'ar Allah ya sa ta yi albarka. Na amsa da amin mai ƙarfi, hankalina na kan miyar da za ta dace da ita.

Washegari na kai ta injin casa a Gawon Nama. Mai injin ya damƙo ya duba ya ce, "Malam, ina kas samo wagga? Rabona da ganinta tun zamanin mahaihina." Na yi murmushi na ce, "Sai wanda ya san mutane." (Karo na biyu ke nan. Da alama ba na gajiya.)

Asabar ɗin ni ke da karɓar baƙuncin zamanmu na wata-wata. Na ce wa matata Luba ta nuna musu abin da ake kira tuwo. Ta kuwa nuna. Malmala ja-ja, ga laushi ga ƙamshi, ga miyar taushe ta sha kabewa da nama. Injiniya Bello ya naɗe hannun riga, ya tashi da biyu, ya jawo ta uku. Ita kanta Dakta Rabi'atu, da ba ta cika cin abinci a gidan mutane ba, sai da ta ƙara. Ni kuwa na kishingiɗa ina yi musu lacca kan karamcin mutanen karkara, da yadda ilimin da ba shi da zumunci ba ya kai mutum ko'ina.

Dakta Rabi'atu na cikin wanke hannu ta ce, "Af, Dakta, kada in manta. Ina saƙona? Na ga ba ka amsa a zaure ba, amma na yi waya da Baba jiya ya ce ya ba ka."

"Wane saƙo?"

"Irin mana. Ya yarda tun Talata. Na bar mashi farar jaka mai lamba, na rubuta maka ka amso min tunda kai za ka je."

A daidai lokacin Luba ta yi sallama a bakin ƙofa. A hannunta ga farar jakar, an wanke ta fes, an goge, lambobin na nan raɗau. Ta ce, "Malam, ga jakar mutane ka mayar musu. Na sa sukari da sabulu a ciki, ba a mayar da ita wayam."

Dakta Rabi'atu ta kalli jakar. Ta kalli kwanon gabanta. Ta sake kallon jakar. Sannan a hankali, cikin harshen gida da ba ta cika yi a wurin aiki ba, ta ce, "Dakta, mi munka ci?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma tayil ne a falon. Injiniya na riƙe da loma a tsakanin kwano da baki. Ya yi salati, ya dube mu, ya ce, "To, tunda an riga an tuƙa," ya kai ta baki.

Da ta yi min faɗa da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Wata biyu ina zuwa gidan tsohon nan," idonta ya kawo ruwa. Na ciro waya, na buɗe zauren da na kashe wa murya. Ga saƙon nan tun daren Laraba, da sunana a kai, har da godiya a ƙarshe.

Lahadi da safe muka nufi Kwalkwalawa ni da ita. Na durƙusa gaban Baba Altine na faɗi abin da na aikata, ban rage komai ba. Ya ƙura min ido ya ce:

"Kunka cinye? Duka?"

"Duka, Baba."

"Da miyam mi?"

"Taushe."

"Kash! Kun ɓata ta. Da miyas sure ta ka tahiya," wato miyar yakuwa. Sai ya fashe da dariya har da tari, har matarsa ta leƙo. Da ya lafa ya share ido ya ce, "Gaya min gaskiya, bayan kun ci, yaushe kaj ji yunwa?"

Na yi tunani. Tun tuwon azahar ɗin jiya ban sa komai a baki ba, na ɗauka baƙin ciki ne.

"Ba baƙin ciki na ba," in ji shi. "Ita ta. Mutum shi ci da sahe, shi wuni cikin laka bai nemi komi ba. Shi yas sa ban yada ita ba. Kullum kana tambayata da na'ura, ga shi cikinka ya ba ka amsa rana guda."

Ya shiga rumbu ya fito da wata 'yar ƙwarya, irin da ya ajiye don gonarsa, ya raba biyu. Bai kai na farko ba, amma zai isa a shuka ɗan fili. Ya miƙa wa Dakta Rabi'atu hannu da hannu ya ce, "Riƙe, ɗiyata. Kada ki ba mai tarihi ko da riƙo na." Ni kuma ya yanke min hukunci: duk ranar cirar ciyawa a gonarsa, da ni. Na yi damina guda cikin laka har gwiwa, manoma na wucewa suna gaishe ni da "Malam, ya tuwo?"

An shuka, ta fito, ruwa ya zo ta bi shi sama kamar yadda aka faɗa. A rahotonmu akwai babi guda kan ɗanɗano da riƙe ciki, ni na rubuta shi, kuma Dakta Rabi'atu ta ce shi ne kaɗai babin da duk mu ukun muka sa baki a gwajinsa.

Yanzu ina karanta kowane saƙo a zauren, har sunayen nan masu kama da igiyar guga, in ban gane ba in tambaya. Na daina cewa na san mutane, tunda ban san abin da mutum biyu da ke kusa da ni suke yi ba. Sai dai amana in ta tafi, dawowarta a hankali ne. Makon jiya a bakin gulbi Injiniya ya ɗebo ruwa a kwalba don gwaji, ya miƙo min in riƙe masa. Har na sa hannu, sai ya janye da sauri ya ce, "Dakta, ba na sha ba ne fa."