Yadda Za Ki Sa a Ƙone Mutum-mutuminki

"Hancina ne, Batiste," in ji Tonica maƙwabciyata. "Har tawadar Allah ka ɗiga masa."

"Mama, hanci ai kowa na da shi," in ji mijin 'yarta, yana goge fenti a wando.

Ke mai karatu, in mai sassaƙa ya yi miki abin da Batiste ya yi wa surukarsa, ya ƙera mutum-mutuminki da kwali kina durƙushe a coci, rediyo cikin mayafi, kina jin ƙwallo, kwantar da hankalinki. A nan Balensiya ta ƙasar Sifen duk mutum-mutumin bikin Maris wuta ce ƙarshensa, ban da guda da jama'a ke zaɓa a kai gidan tarihi, jikoki su yi ta kallo. Aikinki kada naki ya zama shi. Bi matakan nan, na yi miki alkawarin toka.

Na ɗaya: Musanta

Ce ba ke ba ce. Ranar da aka ji ihun "Ya shiga!" ana tsakiyar addu'a, ce tari ne ya sarƙe ki. Musun da aka yi wa mutum ɗaya bai cika musu ba, don haka bi layi gida gida. Tonica ta fara da mai burodi, wanda ko labarin bai ji ba. Yanzu ya ji.

Na biyu: Kushe aikin

Je wurin da aka jera su ana jefa ƙuri'a, tsaya kusa da naki, yatsine fuska. Ce, "Wannan kuma zane ne? Ni na fi son na zamani, wanda ba a gane sama da ƙasansa." Sai dai kula da gefen da za ki juya. Tonica ta ba su gefen tawada, baƙi suka yi layin ɗaukar hoto.

Na uku: Nemi aminiya mai riƙe sirri

Wato irina ni. Sirrin Tonica, ƙanwata kaɗai na gaya wa, sai mai kitso, sai matan da muke soya fanken kabewa tare. Sirri in ya yi nauyi, raba shi ake yi.

Na huɗu: Kai ƙara wurin Fada, limamin coci

Ce an ci mutuncin coci. Amma fara binciken ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya. Namu ya saurari Tonica har ƙarshe, ya sunkuyo ya ce, "'Yata, ranar nan wa ya ci ƙwallon? Ni ina kan aiki, ban ji ba." Washegari ya kwashi mawaƙan coci suka je suka yi zaɓe.

Na biyar: Jira sakamako da mutunci

Jiya Tonica ta shigo kicin ɗina ko gaisuwa babu.

"Milagros, an yafe wa mutum-mutumina. Gidan tarihi za su kai ni."

"Barka, 'yar'uwa. Mijinki shekara nawa yana neman sunansa a allon karramawa na unguwa bai samu ba?"

"Ke wa kika zaɓa?"

Na ce zauna, cakulan ya yi zafi.

"Wa kika zaɓa, tsohuwar banza?"

"Hancin ya yi kyau, Tonica. Ban iya ganin an ƙone shi ba."

Abin lura: mai wannan rubutu karatunta bai yi nisa ba, kuma ba ta ɗauki alhakin hanci, ƙuri'a ko zumuncin kowa ba. Duk wadda ta bi shawarata ta tsinci kanta cikin gilashin gidan tarihi, ita ta sani. Haka na soma yi wa Tonica bayani, ta kwashe fankena duka a faranti, ta fice, ta bugo ƙofa har hoton marigayi mijina ya karkace.