Kunkurun da Aka Ba Ajiyar Sani

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, akwai masana uku da ake ji da su. Shamuwa ta san sama, da ta dubi gajimare za ta faɗi irin ruwan da ke tafe. Kada ya san kogi, cikarsa da janyewarsa. Gafiya kuwa ta san cikin ƙasa, inda take da ƙarfi da inda ta ruɓe. In sun haɗu sukan gaisa da mutunci, amma ba sa zancen aiki.

Wata damina gaɓar kogi ta zabtare da ramin Zomanya, 'ya'yanta na ciki. Ita ta fita kiwo, shi ya sa ta tsira. Ɓauna, shugabar majalisar dabbobi, ta kira taro a gindin tsamiya.

Shamuwa ta ce, "Ranki ya daɗe, ni kam na gani. Tun da na baro kudu na san ruwan bana ba na wasa ba ne. Na kuwa yi bayani a taronmu na shamuwoyi, kuma an yaba ƙwarai."

Kada ya ce, "Ni ma na ga ruwa yana cin gaɓar ta ƙasa. Sai dai abin da ke bisa gaɓa ba fannina ba ne."

Gafiya ta ce, "Ƙasar wurin ta daɗe da yin laushi, tun bara na daina haƙa a can. Jira nake in kammala bincike kafin in yi magana, kada wani ya ɗauka ya ce nasa ne."

Zomanya ta ɗaga kai ta ce, "To iyayena, da ɗayanku ya gaya wa ɗaya fa?"

Ɓauna ta ce tambayar tana da muhimmanci.

A ƙarshe aka tsayar cewa Kunkuru, mai tsawon rai da rashin mantuwa, zai zauna a gindin tsamiya. Kowane masani ya riƙa kawo masa abin da ya gani, shi kuma ya haɗa, ya faɗa wa duk mai tambaya.

Tun ranar farko aka sami matsala. Kada da wutsiyarsa yake awon ruwa. Shamuwa ta ce, "Malam Kada, wace wutsiyar? Ta bara ko ta bana? Ai na ga ta ƙara tsawo." Ita kuma da bugun fiffike take awo, Gafiya da gashin baki. Kunkuru bai yi gardama da kowa ba, ya zauna ya koyi awon nan duka har ya iya mayar da wannan zuwa wancan. Gafiya ta kafa sharaɗin a riƙa ambaton sunanta duk lokacin da aka yi zancen ƙasa. Ya yarda.

Abin ya yi aiki. Da damina ta zagayo, Kunkuru ya aika wa gidan Bushiya su tashi daga inda suke. Suka tashi, wurin ya rufta babu kowa a ciki. Aka yi biki, masanan uku suka karɓi gaisuwa, kowa a nasa ɓangaren.

Bayan biki Kunkuru ya ce wa majalisa, "Ranki ya daɗe, zaman nan ya hana ni kiwo. Mai sauraro ma yana jin yunwa."

Ɓauna ta ce, "Baba Kunkuru, abin da majalisa ta amince da shi kafa ajiya ne. Ciyar da mai ajiya ba a tattauna shi ba." Shamuwa ta ce ita baƙuwa ce, da kaka za ta koma. Kada ya ce nama kawai gare shi, kuma bai dace dattijo ya canza cima ba. Gafiya ta ce ta riga ta ba da sani, ba za a haɗa mata biyu ba. Aka ɗage maganar zuwa wani zama.

Kunkuru ya rame har wuyansa yana lilo a cikin ƙoƙo. Sai ga jakadu daga wani daji na kan tudu da ɗanyen ganye, suka ce a wurinsu kullum haka ake ci. Ya bi su. Kowa ya ga tafiyarsa, don ya daɗe yana yin ta, amma kowa ya ɗauka tsayar da shi ba fanninsa ba ne.

Zomanya ta sake samun ciki, ta zo tambayar inda za ta haƙa rami, ta tarar da gindin tsamiya wayam. Ta bi masanan ɗaya bayan ɗaya. Kada ya ba ta amsa da wutsiya, Shamuwa da fiffike, Gafiya ta ce ta dawo in an kammala bincike. Ta haƙa inda zuciyarta ta ba ta. Yanzu da hadari ya taso, sai ta kwashe 'ya'yanta su tsaya a fili, ruwa na dukansu har ya ɗauke.

Dabbobin kan tudu kuwa, waɗanda ba su da kogi, an ce babu wanda ya kai su sanin ranar da zai cika.